Sanyin Kujerar Baya

"Yaya, don girman Allah kar ka sayar masa da motar nan!"

Yaya bai juyo ba. Yana tsaye yana rataye makullan motoci a jikin allon ofis, kamar ba da shi ake ba.

"Rufe ƙofa tukuna," ya ce. "Ko so kike masu wanki su ji?"

Auta ta tura ƙofar, ta jingina da ita.

"Ni na ce ya zaɓe ta? Fili cike da motoci, ya tsallake su duka ya je ya dafa wannan. Me kike so in ce masa?"

"Gaskiya."

"Gaskiya! In faɗa wa malamin makaranta, gobe duk gari ya ji ina sayar da motar da ta sha ruwa? An gyara ta, Auta. An sauya wayoyin wuta, an sauya dardumar ƙasa, an wanke inji. Ta fi wasu sababbin lafiya."

"To mutanen da aka ciro a cikinta fa? Su ma an gyara su?"

Sai a lokacin ya juyo. Idanunsa sun kaɗa.

"Baki shi ke yanka wuya. Ni na riƙe ki tun kina rarrafe, ban taɓa roƙonki komai ba. Yau na roƙe ki, ki yi shiru."

Nan ya kashe bakinta, domin ba ƙarya ya yi ba. Tun rasuwar iyayensu Yaya ya ajiye karatu ya kama wankin mota, daga soso da bokiti har ya kai ga wannan fili. Shi ne uwa, shi ne uba. Shi ya koya mata ɗaura igiyar takalmi, shi ya taɓa yi mata kitso da hannunsa har 'yan ajinsu suka yi ta dariya.

Ta taga tana hango motar. Ƙaramar jif ce ruwan toka, mai ɗan tudu, tana ƙyalli a rana kamar yau aka sauke ta. Amma Auta ba ta manta ranar da janwe ya kawo ta ba, a lulluɓe da tamfol, ruwa na ɗiga daga ƙasan ƙofofinta. Tana tsaye direban janwen ya rage murya ya ce daga kogi aka ciro ta bayan ambaliya, da wata mata da 'yarta ƙarama a ciki. Ƙofofin ne suka ƙi buɗewa.

Kuma yanzu ga Dogo, malamin makarantar da saura ƙiris ya zama mijinta, ya ce duk duniya ita yake so.

Da hantsi ya dawo gwada motar, shi da mahaifiyarsa. Yana tura ta a keken guragu yana tsokanarta, ita kuma tana kai masa duka da mafici.

"Gimbiyata!" ya ce da ya hango Auta. "Zo ki ga kishiyar keken Mama."

Ta ƙirƙiro murmushi, ta durƙusa ta gaida Mama.

"Tashi 'yata. Wannan sanyin jiki fa? Ko mutumin naki ne ya ɓata miki rai in ja kunnensa?"

"A'a Mama, kaina ne kawai."

Dogo ya shiga zagaye motar kamar mai zaɓen amarya. Ya ƙwanƙwasa jikinta ya saurara. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa tayoyi, ya buɗe gaba ya zaro sandar mai ya duba. Sannan ya naɗe keken Mama ya zura a but, ya rufe, ya tafa hannu.

"Kin gani? Ya shige har da sauran wuri! Ƙananan motocin nan, kafin Mama ta sunkuya ta shiga gwiwa ta gama kuka. Manyan jif kuma sai an yi mata tsani, ga shan mai kamar raƙumi. Wannan ita ce daidai ruwa daidai tsaki."

Ya leƙa lambar tafiya, ya yi fito.

"Kai! Ai ba a wani hau ta ba. Yaya, me ya sa mai ita ya rabu da ita?"

"Tafiya ce ta kama mai ita," in ji Yaya, yana kallon ƙasa.

Tsigar jikin Auta ta tashi.

"Bari mu ɗan zaga da ita," Dogo ya ce. "Mama ce alƙali, in ta ce ba ta yi ba, ba ta yi ba."

Ya tallafa wa Mama ta zauna a baya. Auta ta dubi Yaya, Yaya ya dube ta. Gaba kura baya siyaki. Ba ta san sa'ad da ta buɗe ƙofar gaba ta shiga ba. Abin da zuciyarta ta ce mata kawai, in ma wani abu zai same su, to ya same su tare.

Cikin motar turare ne kamar an ɓarar da kwalba. Amma can ƙarƙashin turaren akwai wani wari, ƙarni-ƙarni, irin na laka.

Da farko lafiya lau. Dogo yana taka totur yana yabon inji, yana taka birki yana gyaɗa kai. Ya bi ta wani titi mai ramuka da gangan.

"Kin ji, Mama? Ko girgiza babu!"

Mama tana ta shafa kujerar gefenta.

"Mama?"

"Ka rage sanyin nan, ɗan nan."

"Ai ban ma kunna ba."

"To kujerar gefena ce. Sanyi gare ta, kamar yanzu wani ya tashi a kai da jiƙaƙƙen kaya."

Auta ta runtse ido.

"Sabon wanki ne," Dogo ya ce yana dariya. "Ko ba haka ba, Gimbiya?"

"Haka ne..." Ta kawar da kai tana kallon titi.

Rana tsaka ce, zafi har kwalta na walƙiya. Amma gilashin baya ya fara yin hazo daga ciki, a hankali, tun daga ƙasa yana hawa sama. Dogo ya duba madubi ya ɗaure gira. Kafin ya yi magana, abin share gilashi ya tashi da kansa. Ƙiiit... ƙiiit... yana goge busasshen gilashi.

"Ke kika taɓa?"

"Ban taɓa komai ba."

Ya murɗa, ya kashe. Abin ya sake tashi.

"Mu koma," Auta ta ce. "Don Allah mu koma."

"Bari mu haye gada, akwai wurin juyawa a can."

Gada! Ta buɗe baki, amma tuni tayoyin gaba sun hau.

Suna kaiwa tsakiya suka ji ƙas! Ƙofofi huɗu suka kulle a tare. Fitilun gaban direba suka kawo gaba ɗaya, suka ɗauke. Injin ya mutu. Motar ta ɗan gangara, ta karkata, ta tsaya daf da ƙarfen gada. A ƙasa kogi yana tafiya, ja wur, ba ya ko ƙara.

Dogo ya danna maɓallin tayarwa. Shiru. Ya danna na gilashi. Shiru. Ya ja marfin ƙofa, ya sake ja.

Motoci na wucewa ta gefensu suna danna oda, amma ƙarar tana zuwa musu can nesa-nesa, kamar an toshe musu kunne. Hazo ya rufe gilasai duka.

Mama ta kama bel ɗin kujerar gefenta don ta gyara zama, ya biyo hannunta har ƙarshe. Daga rabi zuwa ƙasa duk busasshiyar laka ce.

"'Yata," ta ce a hankali, ba tsoro a muryarta. "Wa ya mutu a motar nan?"

Kukan da Auta ke dannewa tun safe ya ƙwace.

"Mata ce da 'yarta! Daga kogi aka ciro ta... ƙofofin ne suka ƙi buɗewa... Mama ki yafe ni! Na sani, wallahi na sani!"

Dogo ya daina jan ƙofa. Ya juyo ya dube ta, kallon da bai taɓa yi mata ba.

"Kin sani?"

"Yaya ne ya..."

"Kin sani, kika tsaya kina kallo na ɗauki mahaifiyata da hannuna na sa ta a ciki?"

"Ba lokacin wannan ba ne," in ji Mama. Ta ɗora tafin hannunta a kan kujerar mai sanyi, ta shiga yi wa matar da yarinyar addu'a, kamar ta san su. Ta roƙa musu gafara, ta roƙa musu hutu. Auta na amsawa cikin shessheƙa.

Ko addu'ar ce, ko wayoyin ne suka gaji da haukarsu, Allah kaɗai ya sani. Ƙas! Ƙofofin suka saki.

Dogo bai ko gwada tayar da ita ba. Ya fito da keken, ya ɗauki Mama cak, ya tsayar da tasi. Da Mama ta ce Auta ta shigo, sai ya ce, "Ta jira yayanta. Ai motarsu ce."

Tasi ta tafi ta bar ta a kan gada.

Janwe ne ya mayar da motar fili. Yaya yana jin abin da ya faru ya hau faɗa.

"Kin kashe ni! Kin tona min asiri a gaban surukai!"

"Da ka ga yadda ƙofofin suka kulle, Yaya..."

"Waya ce ta saki! Ke da tsohuwa kun tsorata kanku a banza. Bari ki gani."

Ya fizgi makulli, ya nufi motar, ya shiga ya rufo ƙofa. La'asar ce sakaliya, masu wanki na ta hira a gefe. Auta na tsaye a bakin ofis, ta ga gilasan sun fara yin hazo har ta daina ganinsa.

Ba ta ji tashin inji ba. Ba ta ji komai ba.

Da ta ga shirun ya yi yawa ta ruga ta ja ƙofar. Daga waje ta buɗe salin alin. Yaya yana zaune, hannuwansa a kan sitiyari, wuyansa a sandare kamar mai gudun kada ya waiwaya baya. Rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Yaya?"

Ya fito yana dafa ƙofa. Washegari da sassafe ya kira masu yanka ƙarfe, ya tsaya a kansu har suka gama da motar. Da suka ce injin da fitilun za su sayu, ya ce ko ƙusa ɗaya kar ta shiga motar wani.

Dogo kuwa ya ɗauke ƙafa. Ta kira, ba ya ɗauka. Ta rame, ta yi zuru-zuru, abinci sai Yaya ya tsaya a kanta.

Wata rana ta fito daga ɗaki ta tarar da Dogo a falo, Yaya a gefe ya sunkuyar da kai. Yaya ya miƙe ya ba su wuri.

"Yayanki ya je gidanmu," Dogo ya ce, bai dube ta ba. "Ya durƙusa gaban Mama, babban mutum kamarsa, yana kuka. Ya ce shi ya ɗaure miki baki."

"Ni ma da laifina. Da baki a kaina."

"Da laifinki." Ya ɗago ya dube ta. "Na kwana biyu ina neman yadda zan tsane ki, na kasa. Mama ta ce min, 'Kai da kake ta fushi, ka tambayi kanka, ita da ta san abin da ke cikin motar, me ya shigar da ita?'"

Hawaye suka zubo mata.

"Ban iya tsayawa ina kallo ku tafi ba..."

"Ba mutuwa tare nake so mu yi ba, Gimbiya. Rayuwa nake so mu yi. Ko me ye, komai ɗacinsa, ki faɗa min tun muna ƙasa, kafin mu hau gada."

"Na yi alkawari."

"To share hawayen. Mama ta ce in na koma ba tare da murmushinki ba, kar in shigo mata gida."

Ta yi dariya tana kuka.

Ba a ɗaga bikin ba. Ranar da za a kai ta, gida ya cika da hayaniya, Yaya ya shigo ɗakinta ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta cikin kayan amarci. Ya fara yi mata nasiha, muryarsa ta karye, ya bari.

Ta kamo hannunsa.

"Ka yafe min, Yaya."

"Ke za ki yafe min, ƙanwata. Na kusa rasa ki saboda ƙarfe."

Sannan ta yi tambayar da ta daɗe tana cin ta.

"Ranar nan... me ka gani a ciki?"

Hannunsa ya yi sanyi ƙalau a cikin nata. Ya dubi taga, ya daɗe.

"Ban ga komai ba," ya ce. "Ban yarda na waiwaya ba. Ji kawai na yi an dafa kafaɗata ta baya, da ɗan ƙaramin hannu."

A waje aka danna oda, mata suka fara kiran amarya. Yaya ya goge idonsa, ya ja ta suka fita, kuma bai saki hannunta ba sai da ya buɗe ƙofar motar da za ta ɗauke ta, ya rufe, ya sake buɗewa da kansa.