Kada Ka Danna, Baba

Auta na cikin sharar falo ta ji babanta, wanda kafinta ne, yana ce wa Mama, "Yaron nan mai kantin takardu da ke zuwa zance wurin Auta, kada ya sake tako mini gida."

Tsintsiya ta suɓuce mata. "Baba, me ya yi?"

"Kin san abin da yake sayarwa? Alƙalamin tawada na yarwa. Ka yi rubutu, tawada ta ƙare, ka wurga shara. Ni kujera in ta karye gyara ta nake. Mai koya wa mutane yarwa, ran da tawadarki ta ƙare fa?"

Mama ta ce, "Malam, 'yar taka ce ta zama kwalbar tawada?"

Auta dai ta shige ɗaki ta sha kuka har da majina.

Mai kanti bai yi zuciya ba. Washegari ya zo ya durƙusa, Auta na leƙe ta bayan labule. Ya miƙa alƙalami. "Baba, gwada kafin a yanke mini hukunci."

Baba ya damƙe shi kamar zai kafa ƙusa, ya danna. Bakin alƙalamin ya wage biyu, tawada har gemu.

"Ka gani? Kayan banza."

"Ba komai, Baba, dama don sabon shiga aka yi shi, ya ɓata mai araha hankali kwance. Wannan ba biro ba ne, ba ya son dannawa. Kwantar da shi, ka saki hannu, zai bi ka."

Ina, hannun da ya saba da guduma. Kullum Baba sai ya aika alƙalami lahira, yaro ya kawo wani yana murmushi. Auta har ta fara ramewa a bayan labule.

Wata rana sababbin da ke hannun yaron suka ƙare, sai ya zaro wani tsoho daga aljihun gaba, duk ya koɗe, murfin da shaidar haƙora.

"Wannan kuma ɓera ya ci?"

"Auta ce, Baba. Da shi ta koya ran da ta fara shiga kantina. Na yarwa ne, amma na kasa yar da shi. In ya ƙare sai in zare bakin da filaya in ɗura masa tawada da sirinji."

Baba ya karɓa a hankali don tsoron kada ya karya. Sai ga rubutu na zuba sumul.

"Ashe kai ma gyara kake." Ya gyara murya. "Ke ɓerar da ke bayan labule, fito. Kai kuma turo manyanka."

Mai haƙuri dai ya samu mata. Abin da kake so, 'ya ce ko alƙalami, riƙon sassauci yake so, in ka danna sai ya karye. Yanzu duk wanda ya je sayen kujera sai Baba ya ɗora masa alƙalami a hannu yana faɗa, "Kada ka danna mana, kai kafinta ne?"