Madatsar Auta

A bayan gidan su Auta akwai wani ƙaramin kogi. Yana bi ta cikin kwalbati a ƙarƙashin titi, ya wuce abinsa. Auta kuwa yarinya ce mai ƙiriniya, ƙafarta ba ta zama wuri ɗaya. Abu biyu take ji da su: zomayenta da ke keji a bayan gida, da jirgin ruwan da ta haɗa da tsohon silifa.

Wata ranar hutu ruwan kogin ya ja baya. Jirgin sai maƙalewa yake yi a yashi.

"Na samo dabara!" ta ce wa ƙawayenta tana tsalle. "Mu toshe kwalbatin nan, ruwa ya taru, mu yi tsere!"

Kafin ka ce kwabo sun kwaso buhuna da robobi da wata yagaggiyar katifa, suka cusa. Ruwa ya taru. Jirgin Auta ne ya zo na ɗaya, baki har kunne! Da Mama ta ƙwala kira, kowa ya watse. Ba wanda ya tuna da katifar.

Washegari da la'asar rana na haskawa, sai dai hadari ya yi baƙi can wajen duwatsu. Can sai ga yayan Auta a guje.

"Baba! Kogi ya kawo! Ruwa ya shigo bayan gida!"

"Wayyo, zomayena!" in ji Auta.

Ruwa ja wur ya kai rabin kejin. Baba ya naɗe wando ya kutsa, ya ɗauko kejin a ka. Ƙaramin zomon ya jiƙe sharkaf, ko motsi ba ya yi. Auta ta naɗe shi da tawul.

Maƙwabta suka fito da dogayen sanduna, suka nufi kwalbatin da ya toshe. "Ku ja! Ku ja!" Sai ga katifa ta fito, jirgin silifa maƙale a jikinta. Ruwa ya yi ƙugi ya bi hanyarsa, kowa ya ɗauki sowa.

Baba ya ɗaga jirgin. "Wannan direban na san shi."

Ido ya raina fata. "Ni ce, Baba," ta ce da hawaye. "Amma ai ko ɗigo ba a yi ba a nan!"

"An yi a kan duwatsu, Auta, kamar da bakin ƙwarya. Duk ruwan can nan yake gangarowa. A da akwai bishiyoyi suna rage masa gudu, mutane suka sare. Ya iso kuma ya tarar kin rufe masa ƙofa. Ina kike so ya bi?"

"Ta gidanmu," ta ce a hankali.

Sai tawul ya motsa. Ƙaramin zomon ya leƙo, ya yi atishawa, ya kama cin ganyen da ke hannun Mama.

"Ya tashi! Ya tashi!" Auta ta daka tsalle.

Da safe ita da ƙawayenta suka kwashe sharar bakin kogi tas. Auta ta gane cewa ruwan sama ba a hana shi zuwa, amma wanda ya toshe masa hanya ya gayyato shi gida. Tseren jirgi kuwa, yanzu a bahon wankin Mama ake yin sa.