Sakata Ta Waje

Ku matso, ku masu zumuɗin mallakar gida. Labarin nan naku ne, kuma ba zan shafa masa zuma ba.

Akwai wani kafinta, gwanin haɗa ƙofa ne na ƙarshe. Rabin gidajen unguwarsu shi ya yi musu ƙofofi, amma shi kansa shekara goma sha ɗaya yana cushe a ɗaki biyu na haya, shi da matarsa da 'yarsa da mahaifiyarsa. Mai gidan hayar kuwa baƙin rai gare shi kamar gindin tukunya. Wata rana ya tsaya tsakar gida, a gaban kowa, ya fizge wankin tsohuwar daga igiya ya watsar a ƙasa, ya ce, "Gidan ubanku ne?" Kafinta ya tsince kayan, amma tun daga ranar zuciyarsa ta ƙeƙashe.

Wulaƙanci da ciwo, ban musa ba. To amma wa bai taɓa sha ba? Kawunsa, wani tsohon magini, ya zaunar da shi ya ce, "Ɗan nan, yi haƙuri ka tara, ka sayi daidai kai. In ka tashi saye, je ka ga gidan bayan an yi ruwa. Ƙwanƙwasa bango. Ka ga takardar gidan da idonka. Gaida maƙwabta ka ji yadda za su amsa. Sama da duka, tambayi mai sayarwa abin da ya kore shi."

"Kawu, ni da haƙuri mun raba hanya," in ji kafinta.

Wawa! Da rana tsaka, ƙafarsa ta kai shi bayan filin da ake jibge matattun motoci, inda wani boka yake da ɗaki. Ɗakin ba taga. Ƙaurin gashi da ƙarnin tsohon jini suka tare shi tun daga bakin ƙofa. A tsakiya ga wata baƙar tukunya an rufe ta da jan ƙyalle, ƙyallen yana ɗagawa yana sauka, alhali ba iska. Bango ɗaya kuwa tun daga sama har ƙasa makullai ne a rataye, duk sun yi tsatsa.

"Gida kake so," in ji bokan, ko ɗago kai bai yi ba.

"Gida, da arzikin riƙe shi."

"Ciro ɗaya."

Kafinta ya ciro makulli. Bokan ya cafke hannunsa, ya tsaga masa babban yatsa da reza, ya matse jinin a kan makullin, ya jefa cikin tukunya. Ba a ji ƙarar faɗuwarsa ba.

"Kira mini duk wanda zai kwana a gidan."

"Mahaifiyata. Matata. 'Yata. Sai ni."

"Kai bar kanka. Ukun nan sun isa."

"Sun isa me? Me zan biya?"

Sai a lokacin bokan ya dube shi. "Kana so in faɗa maka? In na faɗa, ciniki ya rushe, ka koma ka ci gaba da tsince wa uwarka wanki a ƙasa. Ko ka ji, ko ka samu. Zaɓi ɗaya."

Kafinta ya yi shiru. Ya san abin da shirun yake nufi, kada wani ya ce muku bai sani ba.

Mako bai zagayo ba wani ɗan kwangila ya ba shi aikin ƙofofin wani katafaren bene. Washegari dillali ya zo har shago da labarin gida mai ɗaki huɗu, ana neman kai da shi. Mai sayarwar ya zo a rame, ido ya faɗa, ya sa hannu a takarda, ya tafi bai waiwaya ba. Kafinta bai tambaye shi komai ba. Maƙwabta da ya gaisar suka amsa a daƙile suka rufe ƙofa, ya ce hassada ce.

Abu ɗaya ne idonsa ya kasa ƙin gani, don sana'arsa ce. Ƙofar ƙuryar ɗaki sakatarta a waje take. Ta ciki kuwa katakon duk ya sha yaƙushi, layi-layi, wani wurin har da guntun farce a maƙale. Kawu ya zo ganin gida, ya tsaya gaban ƙofar nan ya daɗe.

"Ɗan nan, wa ake kullewa a nan?"

"Ina ruwana, Kawu? Tsohon zance ne."

"Ka tambaya?"

"Na ce ina ruwana!"

Matar ta kawo ruwa, Kawu bai sha ba. Ya sa takalminsa ya ce, "Allah ya kyauta." Shi kuwa gwanin naku ya ɓalle sakatar, ya cike ramukan da garin katako da gam, ya goge yaƙushin, ya shafa fenti. Ƙofa ta koma sabuwa fil.

Arziki ya zo kamar an ɓalle famfo. Shago ɗaya ya zama uku, injuna suna kuka tun safe, ga mota. Har takanas yake bi ta gaban tsohon gidan haya yana danna oda.

Wata na bakwai, bayan la'asar, aka tarar da tsohuwar zaune a kan kujerarta ba rai, ido buɗe, tana fuskantar ƙuryar ɗaki. Aka ce shekaru ne. Shekara na zagayowa, yarinyar tana shirin makaranta da safe ta ce, "Baba, wa ke kirana a ɗakin can?" Ta shiga da takalmi ɗaya a ƙafa. A hannu aka fito da ita, ba rai.

Kafinta ya ruga wurin boka yana kumfar baki. "Ka cuce ni, la'ananne!"

"Ni? Na ce in faɗa maka, ka yi shiru. Saura ɗaya. Fita mini."

Matar ba ta mutu ba, kuma da ta mutu da ya fi mata sauƙi. Ta daina magana da mutane, ta koma hira da bango. Ta fara fita titi ba mayafi tana kiran 'yarta. Ranar da ta cinna wa labule wuta, kafinta ya ja ta zuwa ƙuryar ɗaki tana cizonsa, ya turo ƙofa, ya ɗauko sabuwar sakata daga akwatin aikinsa.

Ya ɗora ta a waje, ya saita ƙusa, ya ɗaga guduma. Bugu ɗaya ƙusar ta nutse. Ta biyu ma haka. Katako mai tauri ba ya karɓar ƙusa da sauƙi irin wannan, shi ya fi kowa sani. Ya kankare fentin da farce, sai ga garin katako da gam. Cikin ramukan da ya cike da hannunsa yake bugawa, ko kaucewa bai yi ba.

Gudumar ta suɓuce masa. Daga ciki ya ji ta fara yaƙushin ƙofa.

Shagunan sun tafi, motar ta tafi. Yana nan har yau a zaune bakin ƙofar nan, ya rame, ido ya faɗa, yana jiran dillali ya kawo masa wani mai gaggawa wanda ba zai yi tambaya ba.

To, kun ji. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya ce zai ba ka gida amma kada ka tambayi farashi, da naka zai biya kansa. Gara ka tsufa a ɗakin haya kana jin tarin uwarka ta bayan bango, da ka mallaki ɗaki huɗu kana gadin sakata.