Ranar Ɗaurin Auren Ketaki

"Sai su ɗaga bikin!" in ji Vasudha, matata, sabuwar jakadiyar Indiya a Tokyo.

"Ranki ya daɗe, taurari za ki aika wa takarda? Malamin addininmu na Hindu ya duba, babu wata rana mai sa'a sai baɗi!"

"Ni kuma fadar Japan zan ce wa ta jira? Ranar bikin suka ba ni in miƙa takardun kama aiki, Shirish!"

Ni ne Shirish, mijin jakadiya. Aikina a duniya riƙe jaka da murmushi. Daga Alƙahira zuwa Moscow na bi ta, ana zaunar da ni cikin matan jakadu, har na ƙware a hirar labule. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar, muryar ma da ta fito kamar ta ɗan akuya.

"'Yarki ce fa! Ita kaɗai gare mu! Wa zai dafa min hannu in zan zuba ruwan ba da ita? Kin san uba ba ya bayarwa sai hannun uwa na kan nasa."

"Yayarka ta dafa..."

"Yayata ce ta haife ta?"

Ta buga tebur har shayi ya zube.

"Da namiji ne ni, wa zai tambaye ni? Ka san irin wuyar da na sha kafin in taka nan!"

"Na sani mana, zuciyata. Ni na ɗaure akwatunan."

Ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Na jira ta ce in yanko tikiti biyu... ba ta ce ba.

Ni kaɗai na sauka a garinmu Pune, can Indiya. 'Yarmu Ketaki ta leƙa bayana, ta sake leƙawa, sannan ta karɓi jakata.

"Baba, kar wanda ya miƙo min waya ranar. Ka ji ni?"

Ranar biki aka hura wutar ɗaurin aure yadda al'adarmu take, aka ɗora hannun Ketaki kan na ango. Yayata ta matso za ta dafa ni, Ketaki ta girgiza kai, hawaye na wanke mata kwalli.

"Bar wurin haka, Gwaggo."

Na ɗaga butar ruwan, sai waya ta fara rawa a aljihuna. Na san mai kira. Na ci gaba da zuba ruwan har ta yi shiru.