Shayin Alhaji Maikano

Ku matso kusa. Uwale, rage wutar fitilar nan. Kun taɓa lura Alhaji Maikano, surukin Kawu Sidi, ba ya shan shayi sai ya huce sarai? Yau za ku ji dalili. Amma kada wanda ya tayar da zancen a gaban Kawu.

Wata Sallah ce Kawu ya ce zai kai matarsa Lantana da mahaifinta gandun daji su ga giwaye. Ya cire kujerun bayan bas ɗinsa, ya shimfiɗa katifu, ya saka risho da butar shayi. Lantana ta ce ya buga waya a kama musu wurin kwana, don lokacin Sallah cika ake yi. Kun dai san Kawu da cika baki. Ya ce ai tuni an gama, kowa ya san shi a can. Ko wayar bai taɓa ba.

Suka isa gab da magariba. Filin da motoci ke kwana ya cika maƙil. Kawu ya sauka shi kaɗai, ya yi ta roƙon mai ƙofa.

"Babu wuri, malam. Ko keke ba zai shiga ba."

Kawu ya waiwaya. Ga Alhaji a gaban mota yana jan carbi, hankalinsa kwance. Da wane baki zai gaya wa surukinsa ƙarya ya yi?

Sai ga wani dogon mutum a gefen hanya, cikin kakin ma'aikatan daji.

"Wuri kake nema?"

Mutumin yana gabansa, amma muryar ta bayan kunnensa ta fito. Yana taka busassun ganye, ba ƙara ko kaɗan. Kawu ya gane abin da ke gabansa. Sai dai a lokacin kunya ta fi tsoro ƙarfi.

"Bi 'yar hanyar nan, akwai wata kuka. Ku kwana a gindinta. Amma gidan wasu ne, da yara a ƙasa. Ka gaya wa mutanenka, kada a zubar da ruwan zafi."

Kawu ya koma mota yana murmushi. "Baba, wuri na musamman aka ware mana." Maganar ruwan zafi kuwa ya haɗiye ta, don Alhaji na ji zai san su wa ke da gidan.

Gindin kukar a share yake tas, ba sawun kowa. Bayan isha'i Alhaji ya dafa shayinsa da kansa, kamar kullum. Ya ɗaga butar zai watsar da ragowar tafasasshen ruwan. Kawu na kallo.

Ruwan ya sauka a saiwar kuka.

Sai kukan jariri, daga ƙarƙashin ƙasa. Gyare ma ya yi shiru. Dogon nan na tsaye a bakin mota.

"Na gaya maka. Ka gaya musu?"

Kawu ya sunkuyar da kai. Alhaji ya dubi ƙafafun baƙon, ya dubi surukinsa, ya fahimci komai. Dattijon nan mai furfura ya cire hula, ya durƙusa cikin ƙasa a gaban 'yarsa.

"Hannuna ne ya zuba. Wannan ɗana ne, a bar shi. A yi haƙuri."

"To, hannun da ya zuba shi zai ɗauka. Ku tafi kafin uwar ta dawo."

Ko risho ba su ɗauka ba. Kafin asuba hannun Alhaji na dama ya sale. Ya warke, amma har yau ko kofi mai ɗumi ya taɓa, ji yake kamar garwashi.

Da ma Alhaji zagin Kawu ya yi, da ya fi wa Kawu sauƙi. Bai taɓa ce masa uffan ba. Duk ranar da Kawu ya je gaisuwa, Alhaji zai sa a kawo shayi kofi biyu, ya ce, "Bismillah, Malam Sidi, sha da zafinsa." Sannan ya zauna yana jiran nasa ya huce. Ni na gani da idona, Kawu bai taɓa iya kai kofin nan bakinsa ba.

Don haka in an ce muku babu wuri, ku juya. Kada ku bi 'yar hanyar kukar nan, ko da rana tsaka. Uwar yaron ba ta yafe ba.