Sunan da Aka Yanke

Da safe Felatiya ya tarar da tulun takardu a buɗe, takardar ƙarar wata mata mai suna Hogla ba ta ciki. A kaskon wuta ya tsinci ragowarta, rabi a ƙone. Shekara talatin yana riƙe da muƙamin mazkir a fadar Urushalima, wato mai tuna wa sarki abin da manya ke so a manta, ya kuwa gaji. Da rana tsaka sarki zai zauna shari'a. In ba a ambaci Hogla ba, gonar inabin mijinta marigayi ta tabbata ga wanda ya ƙwace ta.

Ya ɗaga ragowar ga haske. A layin rantsuwa akwai rami mai kusurwa huɗu, yankan wuƙa, daidai inda sunan Ubangiji yake.

Ban da shi, mutum uku ke shiga ɗakin takardun. Ya fara da Ira mai gadi, ya miƙa masa takardar a juye.

"Karanta mini."

"Haba baba! Ni da baƙi ai sai dai mu gaisa."

Ya kira Ba'alyaton, baƙo daga birnin Taya mai hura kasko.

"Da an ce ka ƙone takarda mai sunan Allahnmu fa?"

"Ranka ya daɗe, Allahnku ne. Ni duk abin da ya ci wuta itace ne."

Saura Malkiya magatakarda, mai yawan azumi, wanda ƙanensa ke noman gonar yanzu.

"Zazzage jakarka, ɗana."

Wuƙar fiƙe alƙalami ta faɗo, sai wani ƙyalle mai tsabta. A ciki ga guntuwar takarda. Felatiya ya ɗora ta a ramin, ta zauna daram.

"Ira ba zai gane sunan ba. Ba'alyaton ba zai damu ba. Kai kaɗai ne za ka ceci sunan, ka ƙone matar."

Malkiya ya ce, "To ai ta ƙone, tsoho. Me za ka kai wa sarki?"

"Rubutu aikinka ne. Ni mazkir ne, tunawa aka ɗauke ni yi." Ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. "Na sha ganin irinku. Kuna tsoron sunan Allah, ba kwa tsoron Allah."

Da rana tsaka ya tsaya gaban sarki, ya kawo ƙarar Hogla da ka, bai bar ko kalma ɗaya ba.