Lamba Goma Sha Bakwai

Marin da Baffa Nababa ya sauke a kuncin Hure ya yi ƙarar da har kajin tsakar gida suka watse! Dawowarta ke nan daga kai taki gona cikin zafin bazara, kwando ma bai sauka daga kanta ba. Ta dafe kunci tana duban ƙanin mahaifinta, mutumin da ya riƙe ta shekara tara tun rasuwar iyayenta, ba ta ko san laifin da ta yi ba.

"Mu za ki tona wa asiri a duniya?" in ji shi. "Na ci da ke, na sha da ke, sai ki rubuta a waya cewa muna gana miki azaba?"

'Yarsa Juwairiyya tana tsaye a ƙofar ɗaki riƙe da waya, ta yi fuskar tausayi irin ta mai zuwa ta'aziyya don cin shinkafa. Ita ce ta karanta wa iyayenta labarin tun daga farko har ƙarshe.

Ga yadda abin ya faro. Hure da Juwairiyya duk suna cikin Zauren Tawadar Karkara, wani zauren WhatsApp na matan da ke rubuta labarai daga ƙauyukan Ɗambatta da Bagwai, wanda Malama Falta, tsohuwar malamar firamare, take shugabanta. Shekara biyu ana gasa da suna a fili, kuma shekara biyun Juwairiyya ke lashewa, ba don alƙalaminta ya fi na kowa ba, sai don ƙawayenta sun fi na kowa yawa. Bana Malama Falta ta ce an daina. Kowa ta tura labarinta ta fom ɗin intanet ba suna, ta haɗa da wata kalmar sirri da ita kaɗai ta sani. Za a liƙa wa kowane labari lamba, 'yan zaure su karanta su zaɓa. Wadda ta yi na ɗaya za a buga labarinta a farkon littafin zaure, da cikakken sunanta. Doka ɗaya ce mai tsanani: duk wadda ta faɗi lambarta ga wata 'yar zaure kafin ranar sakamako, an soke labarinta.

Ranar da aka sanar da dokar, Hure ta yi murna kamar an ba ta kujerar Makka. A karon farko za a karanta ta ba a matsayin marainiyar gidan Nababa mai tallan ƙuli-ƙuli ba! Burinta a duniya guda ne, ta ga sunan mahaifinta a jikin littafi, tunda ko hotonsa ba ta da shi.

To, a wannan Talatar da tsakar rana, saƙo ya faɗo zaure daga lambar wayar Hure: "Lamba goma sha bakwai tawa ce, don Allah ku zaɓe ni, ku tausaya wa marainiya." Labari na sha bakwai kuwa labarin wata marainiya ne da matar baffanta ke ba ta ƙanzo, ana sa ta wankin gida kaf, 'yar gida kuma tana kwance tana danna waya.

"Wallahi Baffa ban tura ba!" Hure ta ce da aka nuna mata saƙon, hawaye na bin shatin yatsun Baffa a kuncinta. "Wayata tana shagon cajin Kamaruddeen tun safe, Yaya Juwairiyya ce ma ta karɓo mini. Kuma ni ban rubuta ku ba..."

"Ka ji sakayyar alheri!" Juwairiyya ta tafa hannu. "Na taimaka na ɗauko miki waya, shi ne za ki ɗora mini? To in ba naki ba ne, wanne ne naki? Faɗi lambar mu ji!"

Nan fa Hure ta ga ramin da aka haƙa mata. In ta faɗi lambarta a gaban Juwairiyya, ta wanke kanta, amma ta karya dokar da hannunta, an soke labarin mahaifinta. In ta yi shiru, ta zama mai maguɗi kuma butulu. Ta dubi Baffa, ta dubi matarsa Inna Halima da ke ta kwashe mata albarka, sai ta share hawayenta da gefen mayafi.

"Ba zan faɗa ba, Baffa. Saura mako uku. Ka yi haƙuri da ni mako uku kawai."

Ai sai ta ƙara wa wutar fetur! Baffa ya ƙwace wayar ya kulle a akwatinsa. Kafin nan ta riga ta ga hukuncin Malama Falta: an janye lamba goma sha bakwai, an kuma fitar da Hure daga zaure. Matan da jiya suke kiranta 'yar'uwa sun yi mata ca, wata ta rubuta cewa talauci ba hauka ba ne, wata ta ce dama mai tallan ƙuli ina ta san amana.

Allah sarki Hure! Makonnin nan uku sun yi mata tsawon shekara uku. Hoton saƙon ya zagaye ƙauyen Kukar Sambo, har waɗanda ba su taɓa karanta layi ɗaya ba sun ji labari. In ta je rijiyar burtsatse, 'yan mata su hau ƙirge da ƙarfi, "sha biyar, sha shida..." sai su yi shiru su kwashe da dariya. Inna Halima ta ce tunda ta rubuta ana ba ta ƙanzo, to ƙanzon za ta ci gaskiya. Aka ƙara mata surfe, aka ƙara mata kai taki sawu shida a rana. Takan ajiye kwandon a gefen gonar mahaifinta, wadda yanzu Baffa ke nomawa, ta durƙusa a kan busasshiyar ƙasa ta yi kuka mai isarta. "Ya Allah, Kai ka ga wanda ya taɓa wayar nan. Ban roƙe Ka Ka wulaƙanta kowa ba, na roƙe Ka Ka wanke ni." Ta tashi ta karkaɗe zaninta. Abin mamaki, ko sau ɗaya zuciyarta ba ta yi rawa ba, don ta san abin da ta rubuta.

Ranar sakamako ta zo daidai da ranar kasuwar Ɗambatta, don kowa ta samu mota. Juwairiyya ta ci ado da leshi da jan baki, ta ce Hure ta ɗauko mata kular zoɓon da za ta raba wa ƙawaye in an kira sunanta. Baffa ma ya ce zai leƙo in ya gama da kasuwar awaki. Haka Hure ta shiga motar da silifas ɗinta mai ɗinki, kula a cinya, ba wanda ya ce mata ci kanki.

A wani ajin firamare aka taru, mata sun fi arba'in. Hure ta ajiye kular ta koma bakin ƙofa ta tsaya, ana nuna ta da baki. Malama Falta ta gyara tabarau ta ce, "Labarin da ya fi samun ƙuri'a shi ne lamba huɗu, mai suna Binne."

Ajin ya ɗauki tafi. Labarin wani manomi ne da ke yin binne, wato shuka gero a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwan farko, mutane na yi masa dariya, shi kuwa yana tafe da 'yarsa a baya tana rufe ramuka da ƙafa. Babu mugu a cikinsa, babu marainiya, amma mata da yawa sun ce da kuka suka ƙarasa shi. Juwairiyya kam ba ta ko buɗe shi ba, ta ce labarin gona warin taki yake mata.

"Mai lamba huɗu ta tashi ta faɗi kalmar sirrinta," in ji Malama Falta.

Aka dubi juna. Ta sake maimaitawa. Sai wata murya ta fito daga bakin ƙofa, a natse, ba rawa ba gargada.

"Sama'ilu mai binne."

Malama Falta ta dubi takardarta, ta cire tabarau, ta mayar, ta sake dubawa. "Innalillahi... Haka yake a rubuce. Wace ce ta faɗa?"

"Ni ce, Malama. Hure. Sunan da ake tsokanar mahaifina da shi ke nan."

Juwairiyya ta zabura. "Ƙarya take! Ai nata sha bakwai ne, kowa ya gani!"

"Sha bakwai tawa ce!" Wata mata ce ta miƙe daga bayan aji da jariri a kafaɗa, tana kuka. Sunanta Maijidda, daga Bagwai. Ta ce ta tafi wankan jego ƙauyensu inda ba sabis, sai shekaranjiya ta dawo ta tarar an soke labarinta. Ta faɗi kalmar sirrinta, Malama ta duba, daidai. "Rayuwata na rubuta, Malama. Ban san wannan baiwar Allah ba, ban san gidansu ba."

Malama Falta ta juyo a hankali. "Hure, ranar Talatar nan ina wayarki take?"

Hure ta faɗa. Wata 'yar Kukar Sambo tana da lambar Kamaruddeen mai caji, aka kira shi aka buɗe murya kowa na ji. Ya ce, "Ƙwarai na tuna, Hajiya. Juwairiyya ce ta karɓa kafin azahar, ta ce an aiko ta. Ta ma zauna a bencina tana dannawa, har na ce mata ba a leƙa wayar mutane. Hure kuwa ina ganin wucewarta da kwandon taki."

Kan Juwairiyya ya yi ƙasa. Jan bakin ya zama abin tausayi a fuskar da ta jiƙe da gumi. Ta so ta kawar da wadda take tsoro a gasa ne, sai ta laluba cikin labarai talatin ta ɗauko wanda ta tabbata na Hure ne.

"Abu ɗaya nake so ki gaya mini," in ji Malama Falta tana duban Juwairiyya. "Labarin nan ba suna, ba gari. Me kika gani a cikinsa da ya sa kika tabbata gidanku ne?"

Wanda ya amsa yana tsaye a taga tun ɗazu, da igiyar akuya a hannu. Baffa Nababa ne. Ya ce, "Mu muka gane kanmu, Malama. Yarinyar nan ba ta ce mana komai ba..." Sai dattijo ya fashe da kuka a gaban mata arba'in. "Hure, na mare ki a kan ƙarya. Na ci amanar ɗan'uwana. Ki yafe mini don Allah!"

Nan take aka yanke hukunci. An kori Juwairiyya daga zaure har abada, an soke labarinta, wanda dama ƙuri'a biyu ya samu da babu suna a kansa. Za a saka labarin Maijidda a littafi. Ƙawayen da aka dafa wa zoɓo suka dinga janye kujerunsu daga kusa da ita, ta fice tana tuntuɓe, ba wadda ta bi ta. Malama Falta da kanta ta taso ta kama hannun Hure.

"Ni ma na zalunce ki, 'yata, na yanke hukunci ban bincika ba. Amma me ya hana ki faɗa mini lambarki tun ranar? Da kin huta da duk wannan."

"Doka ta ce kada a faɗa, Malama. In na faɗa, na zama abin da suka ce ni ce. Kuma da an soke labarin Babana." Ta juya wajen taga, hawaye na zuba, amma fuskarta a sake. "Na yafe maka, Baffa. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Malama Falta ta zaunar da ita a kujerar gaba, ta buɗe babban littafinta, ta cire murfin biro. "To, marubuciya, yau an gama ɓoyo. Wane suna za mu buga?"

Hure ta miƙe tsaye. Shekara tara ana kiranta Huren gidan Nababa. Ta dubi matan da suka yi tsit suna jira, ta ɗaga murya yadda har na waje za su ji.

"Hure Sama'ilu. A rubuta Sama'ilun da manyan baƙaƙe, Malama."